Yadda ake zaɓen kwas ɗin lissafi na farko a jami'ar Amurka bayan AP Calculus

Ɗalibin da ya ci jarrabawar AP Calculus a sakandare yakan shiga jami'a a Amurka yana saƙe-saƙe: ya maimaita kalkulas ne, ko ya tsallake zuwa gaba? Maki kaɗai ba zai raba gardamar ba. Ma'aunin da ya fi gaskiya shi ne abin da ɗalibi zai iya warwarewa da hannunsa yau, littafi a rufe.

Mataki na farko, ka san abin da makinka ya ba ka. Hukumar College Board tana ba da maki daga 1 zuwa 5. AP Calculus iri biyu ce, AB da BC: jarrabawar AB ta yi daidai da zangon farko na kalkulas a jami'a, BC kuma ta ƙara da na biyu, inda ake koyon jerin lambobi marar iyaka da jerin Taylor. Kowace jami'a da nata sharaɗin. Jami'ar MIT, misali, wanda ya samu 5 a BC take ɗauke wa kwas 18.01, wato kalkulas na zangon farko. Karanta ƙa'idar sashen lissafi kafin ka yi rajista.

Mataki na biyu shi ne ginshiƙi: ka gwada kanka. A watan Mayu ake zana AP, karatu kuma sai ƙarshen Agusta ko Satumba, kuma dogon hutu yana cin abin da aka haddace. Nemo tsohuwar takardar jarrabawar ƙarshen zango ta kwas ɗin da kake son tsallakewa, irin waɗanda MIT OpenCourseWare ke ajiyewa kyauta. Ajiye agogo a gabanka, ture kalkuleta gefe, ka amsa. In ka iya mafi yawa, wuce. In jerin Taylor ya tsaya maka a wuya, zango na biyu ne wurinka.

Na uku, duba fanninka. Mai son injiniya ko fiziks ya nufi kalkulas mai canje-canje da yawa. Mai kwamfuta ko ƙididdiga zai fi cin moriyar aljabrar matiriks da wuri. Mai son lissafi zalla ya nemi kwas ɗin koyon kafa hujja, domin AP ba ta horar da ɗalibi a kan wannan sosai.

Wasu za su ce a maimaita don samun maki mai sauƙi. Amma ajin jami'a ya fi na sakandare gudu, kuma wanda yake ganin ya riga ya sani shi ke fara sakaci da aikin gida. Wasu kuma za su ce a tsallake don rage kuɗin makaranta. Hujjarsu tana da ƙarfi, sai dai sauri ya haifi nawa: wanda ya faɗi kwas na gaba zai biya sau biyu.

A ƙarshe, yawancin jami'o'i suna barin ɗalibi ya canja kwas a makonnin farko. Halarci ajin sama, yi aikin gida na farko kai kaɗai, sannan ka kai wa malamin ya duba kafin wa'adin canji ya cika.