Ƙaramar halittar ruwa da hazon hunturu

In kun je bakin kogin Isa wajen Gamkalley, a Yamai, ku ɗauko dutse daga cikin ruwa. Za ku ji yana santsi. A cikin wannan santsi akwai wata halitta mai rai, dangin gansakuka. Masana suna kiranta diyatom.

Ido ba ya ganinta, sai da madubin likita mai ƙara girman abu. Wasu sai an jera 50 kafin su cika milimita 1.

Kowace diyatom tana da gidanta mai tauri, kamar gwangwani da murfinsa. Abin da ke cikin rairayi, wanda ake yin gilashi da shi, da shi take gina gidan. A jikin gidan akwai zane da ƙananan huji. Kowane iri da nasa zane.

Da wannan zane masana ke rarrabe su. In sun samu wadda zanenta bai yi daidai da na sauran ba, sai su auna ta, su ɗauki hotonta, su raɗa mata suna da Latin. Irinsu dubbai ne. Har yanzu ana gano sababbi, har a bakin teku mai sanyi kusa da ƙasashen ƙanƙara.

Mene ne amfaninta?

Da hasken rana take haɗa abincinta, kamar ganyen itace. Ƙananan ƙwarin ruwa suna cinta, kifi ya ci ƙwarin, mu kuma mu ci kifi. Tana kuma fitar da iskar da muke shaƙa.

In ta mutu, gidanta ba ya ruɓewa da sauri, sai ya kwanta ƙarƙashin ruwa. Kimanin shekara 7000 da suka wuce, tafkin Cadi babba ne ƙwarai, ya kai har Bodele, a arewacin ƙasar Cadi. Da ruwan ya ƙafe, sai ya bar farar ƙasa marar nauyi, ta gidajen diyatom. Akwai irinta a wajen Bilma. Iskar hunturu tana kwasar farar ƙasar Bodele. Ke nan, cikin hazon da ke rufe mana gari akwai gidajen diyatom. Inda hamada take yau, da ruwa ne da kifi.

Masana suna duban irin diyatom da ke cikin kogi su gane ko ruwan ya gurɓace. Saboda haka kada mu zuba shara, ko baƙin mai, ko maganin ƙwari cikin kogi. In abincin kifi ya lalace, masunci zai dawo gida da komarsa babu kome.

Tambayoyi

1. Da me diyatom take gina gidanta?
2. Ta yaya masana ke gane sabon iri?
3. Me ke zuba cikin kogi ko tafkin garinku? Ku tattauna da malaminku.