Alhamis ce ke yi mana giɓi a aji ɗaya

Ni malamin aji ɗaya ne a wata firamare a ƙasar Badarawa, ƙaramar hukumar Shinkafi. Iyaye da yawa sun ɗauka waƙa da tafi kawai muke yi har a tashi, shi ya sa nake so in faɗa muku yadda makonmu yake tafiya.

Ran Litinin baƙi ɗaya tak nake kawowa, a ce "k". Sautinsa nake so ya zauna a bakin yara, don haka sai in ɗaga kara, in taɓa kujera, in dafa kaina, su kuma suna faɗa. Daga nan su zana shi da yatsa a iska, sannan a ƙasa, tunda da yawansu a ƙasa suke zaune kuma ba kowa ke da fensir ba. Talata mu ɗaura masa wasula biyar: ka, ke, ki, ko, ku. Wanda ya yi makarantar allo ya san wannan hanyar, babbaƙu tukuna sannan farfaru. Yaran da ke zuwa allo sukan riga sauran ganewa, sai dai a makonnin farko hannunsu daga dama yake farawa, sai na yi ta juyo da shi.

Laraba ce ranar da na fi so, ranar da gaɓa ke haɗuwa da gaɓa. Akwai wata 'yar ƙaramar yarinya da ba ta cika magana ba. Na rubuta mata gaɓa biyu a allo, ta ɗora yatsa tana ja a hankali: "ka… za." Ta sake. Sai ta ɗago kai, idanunta a buɗe, ta ce, "Malam, kaza ce!" A wannan lokacin ta gane cewa zanen da ke kan allo maganar gidansu ce. A ranar nake nuna musu amfanin ƙugiya, yadda "baki" da "baƙi" ba abu ɗaya ba ne.

Sai Alhamis, ranar da ya kamata mu haɗa kalmomi su zama jimla, yaro ya karanta layi guda da kansa. Ita ce kuma ranar kasuwar Shinkafi. In na kira sunaye sai in ji shiru nan, shiru can. An ɗora wa 'yan mata talla, an bar wa maza kiwo ko tsaron gida. Juma'a guntuwa ce, bita ce da ɗan lissafi da tsakuwa, mu tashi kafin masallaci. Wata Litinin ta zo da sabon baƙi, a ɗora shi kan ginin da bai bushe ba. Ku haɗa da fashin kaka, lokacin yankan gero da dawa. Haka yaro ke kaiwa aji huɗu yana kwafe duk abin da ke allo tsaf, amma bai iya karanta ko layi ɗaya daga ciki ba.

Ban ga laifin uban da ya hana ɗansa fita ranar da aka ji motsin 'yan bindiga ba, ni ma da nawa 'ya'yan. Mun ga abin da ya biyo bayan rufe makarantun Zamfara a watan Satumba na 2021, bayan sace ɗalibai a ƙaramar hukumar Maradun: da aka dawo, ƙananan yara sun manta abin da suka fara kamawa. Wannan ya fi ƙarfinmu. Fashin Alhamis kuwa a hannunmu yake.

Wani dattijo ya taɓa ce mini, "Malam, Hausa ai tun gida ya iya ta, Turanci muka kawo shi ya koya." Na ce, "Baba, faɗarta ya iya, karanta ta bai iya ba tukuna." Yaron da ya koyi haɗa baƙi da wasali cikin harshen da yake ji, in ya zo Turanci kalmomi kawai zai nema. A kan haka aka gina shirin RANA na koyar da karatu da Hausa a ƙananan azuzuwa, wanda aka gudanar a Zamfara da Katsina ƙarƙashin UNICEF da tallafin Birtaniya. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 kuma ta ce karatun nan kyauta ne, wajibi ne, ga mace da namiji.

Roƙona biyu ne. Ku bar su su zo ran Alhamis, a yi tallan bayan an tashi. Da dare kuma, ko Inna ba ta yi boko ba, ta tambayi yaronta, "Wane baƙi kuka yi yau?" Ta miƙa masa gawayi ya zana mata a jikin bango. Litinin mai zuwa "ɗ" za mu fara.