Darasi na 6: Asusun gaggawa na haihuwa

Ga jagorar ƙungiya: karanta wannan a bayyane bayan an gama zubi, kafin a rufe akwati.

'Yan uwa mata, abu uku ne ke yawan cin ran mai naƙuda: jinkirin yanke shawara a gida, jinkirin samun abin hawa, da jinkirin samun kulawa a asibiti. Biyun farko suna hannunmu. Mu da ke Illo, Lolo, Tsamiya da Kaoje mun san halin hanya da damina. Wata sai an tsallaka Kwara da kwale-kwale, kuma mai jirgi ba ya tashi da alkawari.

Me za mu yi?

1. Ban da zubin adashe, a ware asusu na daban. Misali, mata 25 in kowacce ta sa naira 200 a mako, cikin mako huɗu an tara naira 20,000. Ba a ranta shi don sana'a ko biki.

2. Mai zuwa cin kasuwa Segbana ko Malanbil ta canza sefarta tun da wuri, kada a tashi neman ɗan canji da tsakar dare.

3. A yi magana da mai mota, mai babur da mai jirgi tun yanzu, a rubuta lambobinsu a bangon littafin ƙungiya.

4. Maigida ya ba da izini tun cikin yana ƙarami, cewa ko ba ya nan a tafi da ita.

Awon ciki

Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ga ma'aikaciyar lafiya sau 8 kafin haihuwa. A can ake auna jini, a ba da maganin ƙarin jini da allurar tetanus. Daga wata na huɗu ana ba da Fansidar don rigakafin zazzaɓin cizon sauro, aƙalla sau 3, wata guda tsakani. Mai cikin fari da kunya ta hana, to wata babba a cikinmu ta raka ta.

Alamun da ba a kwana da su

Zubar jini, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, jijjiga, zazzaɓi mai zafi, yaro ya daina motsi, ko naƙudar da ta wuce awa 12. Ko ɗaya aka gani, ba jiƙo, ba jira. A buɗe akwati a kama hanya.

In an sauka lafiya, a sa jariri a nono cikin awa guda. Dakashin nan kada a zubar, shi ne rigakafinsa na farko.

Tattaunawa: Wa zai riƙe kuɗin nan da dare? Wadda aka kai asibiti za ta mayar, ko kyauta ce? Ku tsayar da magana yau, sakatariya ta rubuta.

Aikin mako: kowacce ta isar da alamun nan ga maƙwabciya ɗaya da surukarta.