Gano Sinadarin Narkar da Furotin ta Hanyar Haske

Nama, wake, ƙwai da madara duk suna ɗauke da furotin. Ƙirar furotin kamar dogon carbi take, kuma jiki ba ya cin moriyarsa sai an tsittsinka shi. Masu wannan aiki wasu sinadarai ne da ake kira furotiyes. Akwai fefsin a cikin tumbi, wanda Theodor Schwann na ƙasar Jamus ya gano a 1836, akwai kuma tirifsin da ke aiki a ƙaramin hanji. Tsirrai ma suna da nasu. Gwanda tana da fafayin, shi ya sa naman da aka naɗe a ganyenta yake yin laushi.

Ido ba ya ganin waɗannan sinadarai, don haka a ɗakin gwaje-gwaje aikinsu ake bibiya. Ana amfani da wani irin rini wanda idan an haska shi da wani launi, sai ya mayar da wani launin daban. Sananne a ciki shi ne fuloresin, wanda Adolf von Baeyer ya haɗa a 1871. Shuɗin haske ake haska masa, shi kuma ya ba da kore.

Ana ɗauko furotin ɗin madara, wato kasin, a liƙa masa rinin nan da yawa. Dabarar tana cikin cunkoson: idan ƙwayoyin rinin suka matsu da juna, haskensu dusashewa yake yi. Sai a zuba ruwan da ake son gwadawa, a ajiye a ɗumi, galibi digiri 37, daidai da zafin jikin mutum. In akwai furotiyes, zai daddatsa kasin, rinin ya warwatsu, kore ya fara tashi. Na'ura ce ke auna hasken. Saurin ƙaruwarsa ke nuna ƙarfin aikin sinadarin.

Dole a ajiye kwalba ta biyu wadda ba a zuba mata ruwan gwajin ba, don kwatantawa. Gwajin da babu wannan kwalba ba abin dogaro ba ne.

Idan furotiyes guda ake nema takamaimai, sai a ƙera ɗan guntun furotin da shi kaɗai ke iya yankawa, a sa rini a gefe ɗaya, a sa wani sinadari mai danne haske a ɗaya gefen. Yanka ɗaya ya isa ya raba su, haske ya fito. Da irin wannan ake gwada magungunan da ke toshe furotiyes na ƙwayar cutar ƙanjamau: maganin da ya yi aiki, kwalbarsa ba ta yin haske sosai.