Dalmar Harsashi da Naman Daji: Darasi a Kan Guba Mai Tafiya a Ɓoye

Farauta tsohuwar sana'a ce a ƙasar Zamfara. Da kaka ta wuce, maharba a yankin Rawayya da sauran garuruwan Bunguɗu da Tsafe sukan shiga daji neman zomo da fakara da zabon daji. Wannan darasi zai duba abin da harsashin dalma ke bari a jikin dabba, da yadda yake kaiwa ga jikin mutum.

Me ya sa ake amfani da dalma?

Dalma ƙarfe ce mai laushi, wadda masana kimiyya ke yi wa alama da Pb, lambarta 82 a jadawalin sinadarai. Tana narkewa a zafin digiri 327 na ma'aunin Salshiyas, don haka wutar gawayi ma ta isa ta narkar da ita. Tana kuma da nauyi: kowace santimita kubik ɗaya tana da giram 11.3, alhali baƙin ƙarfe yana da 7.9. Nauyin nan shi ke sa harsashi ya yi nisa, laushin kuwa shi ke sa ya baje idan ya bugi nama ko ƙashi.

A nan matsalar take. Hotunan eksire sun nuna cewa harsashin dalma yakan tarwatse zuwa ɗaruruwan ɓarɓashi, wasu ido ba ya iya ganinsu, kuma suna bazuwa nesa da bakin raunin. Wuta ba ta kashe wannan guba. Hasali ma, dafa nama da abu mai tsami yana ƙara narkar da dalmar cikin romo.

Aikinta a jikin ɗan Adam

Jiki yana ɗaukar dalma a matsayin kalsiyam, sai ya adana ta a ƙashi da haƙora shekaru da yawa. Tana hana sarrafa sinadarin da ke ba jini launin ja, abin da ke jawo ƙarancin jini. Tana kuma lalata ƙoda da jijiyoyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani gwargwadon dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa, kuma hanjin yaro yana tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba ke tsotsa. Mace mai ciki kuwa, dalmar da ke ƙashinta takan sauko cikin jini ta isa ga ɗan tayi.

Zamfara ta san ɗacin wannan guba. A shekarar 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano mace-macen yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda aƙalla yara 400 suka rasu. Niƙan duwatsun zinariya masu dalma a cikin gidaje ne ya jawo wannan, ba harsashi ba; amma gubar ɗaya ce.

Tsuntsaye masu cin mushe

Dabbar da aka harba ta tsere ta mutu a daji, ko kayan cikin da aka zubar, abincin ungulu ne da maiki, irin wanda Dutsen Kwatarkwashi ya yi suna da shi. Ruwan tumbinsu yana da tsami ƙwarai, yana narkar da ɓarɓashin nan da nan. A Amurka, babbar ungulun Kalifoniya ta ragu zuwa guda 27 kacal a 1987, kuma dalma na cikin manyan abubuwan da suka kashe ta. Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da ƙwayoyin dalma a 1991, jihar Kalifoniya kuma ta hana kowace irin farauta da dalma a 2019.

Abin da ya kamata a yi

A yanke naman da ke kewaye da raunin da faɗi a binne shi tare da kayan ciki. Kada a ba ƙananan yara da masu ciki naman da aka harba da dalma. Kada a narka dalma a cikin gida ko a tukunyar girki.

Tambayoyi

1. Waɗanne halaye biyu na dalma suka sa ake yin harsashi da ita?
2. Me ya sa yaro ya fi babba shiga haɗari?
3. Zana sarƙar abinci da ke nuna tafiyar dalma daga bindiga zuwa ungulu.