Atisaye da Gora da Kulki: Kuskuren da ke Lalata Kafaɗa

Gorar atisaye doguwar sanda ce, tsawonta ya kai mita ɗaya ko ya ɗan ɗara, da dunƙulen ƙarfe ko dutse a kai guda. Kulki kuwa gajere ne mai siffar kwalba, siriri a wurin riƙo, mai kauri a ɗaya ƙarshen, kuma galibi ana riƙe ɗaya a kowane hannu. Jujjuya su ake yi, a zagaya da su ta bayan kai da gadon baya su dawo gaban ƙirji, nauyin yana jan hannu, hannu yana bin sa yana sarrafa shi.

'Yan kokawar Indiya sun daɗe suna atisaye da gorar da suke kira gada, wadda ake yi da sandar gora a kafa mata dutse a kai, da kuma manyan kulake na itace da suke kira jori. Shahararren ɗan kokawar nan Gama, wanda aka haifa a 1878 ya rasu a Lahore a 1960, wanda kuma ya kayar da Stanislaus Zbyszko cikin ƙasa da minti ɗaya a Patiala a 1928, a wannan tarbiyya ya tashi. A Iran akwai zurkhane, wato gidan ƙarfi, inda maza ke jujjuya kulaken da ake kira mil a cikin wani fili mai ɗan zurfi, jagora yana zaune a sama yana kaɗa ganga, kowa yana bin kiɗan. Hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada cikin jerin al'adun gado na duniya a 2010. Sojojin Ingila ne suka kwashi ƙananan kulaken daga Indiya a ƙarni na 19 suka kai gida, daga can suka shiga makarantu da ɗakunan motsa jiki na Turai da Amurka, har aka yi gasarsu a wasannin Olamfik na 1904 da 1932. Yanzu an dawo da su da ƙarfe, bidiyoyin waya suna yaɗa su ko'ina.

Tare da bidiyoyin ne wani ƙorafi ya riƙa maimaituwa, kusan da siffa ɗaya. Saurayi ne mai ɗaga ƙarfe, wanda ya saba tura kilo 60 ko 70 daga ƙirji. Ya ga ana wulwula gora a waya, ya je wurin mai walda aka haɗa masa bututu da dunƙulen ƙarfe mai kilo 15, domin a ganinsa abin da bai kai haka ba wasan yara ne. Bayan mako biyu ba ya iya sa riga sai da cije baki, ba ya iya kai hannu aljihun baya, in ya juya kan kafaɗar cikin dare sai ya farka. Da an tambaye shi sai ya ce ai an gaya masa ciwon alama ce ta jijiyoyi suna buɗewa. Jita-jita biyu ne suka kai shi nan, kuma dukansu ba su da tushe.

Ta farko ita ce auna gora da ma'aunin sauran ƙarafa. Lambar da aka rubuta a jikin gora ba ta faɗin abin da hannu zai ji. Duk wanda ya taɓa riƙe galma ya san wannan: a kama ta kusa da ƙarfen, ba ta da wani nauyi, a kama ta a ƙarshen ƙota a miƙa ta gaba, sai wuyan hannu ya fara rawa, alhali galmar ba ta ƙara ko giram ɗaya ba. Nisan nauyi daga hannu shi ne lissafin. Kilo 5 da ke nesa da hannu da mita ɗaya, in an kwantar da sandar, yana murɗa hannu sau goma fiye da kilo 5 ɗin da ke nesa da santimita 10. In kuma nauyin ya shiga gudu, lamarin ya fi haka: a ninka tsawon sanda sau biyu, wahalar tayar da juyin da tsayar da shi ta ninku sau huɗu. Saboda haka mai kilo 15 ɗin can ya ɗora wa kafaɗarsa abin da bai taɓa ɗora mata ba, kuma a bayan kai, wurin da ta fi rauni.

Gaɓar kafaɗa ta fi kowace gaɓa a jiki sakewa, domin kan ƙashin damtse yana zaune ne a wani ɗan gurbi marar zurfi a jikin allon kafaɗa. Ƙananan tsokoki huɗu da jijiyoyinsu ne ke riƙe da shi a tsakiyar gurbin yayin da hannu ke motsi. Tsoka tana saurin ƙarfi, jijiya kuwa tana jinkiri, shi ya sa mutum zai ji yana da ƙarfin juya babbar gora tun jijiyoyinsa ba su shirya ba.

Jita-jita ta biyu ta fi haɗari, wato cewa gora magani ce ga kowane ciwon kafaɗa. Wannan magana ce ta masu neman sayar da kaya da masu neman mabiya, kuma tana cutar da mutane. Ciwon kafaɗa iri-iri ne. Wanda kafaɗarsa ta taɓa gocewa, musamman matashi, yana cikin haɗarin ta sake gocewa, kuma yanayin da ta fi gocewa shi ne hannu a ɗage, a juye zuwa baya, daidai inda gora ke kai hannu a kowane zagaye. Irin wannan mutum bai kamata ya kai gora bayan kansa ba sai likitan ƙashi ko na gashin ƙashi ya duba shi ya ba shi izini. Akwai kuma sagewar kafaɗa, inda rigar gaɓar ke kumbura ta ƙanƙance, hannu ya ƙi ɗaguwa ko da wani ne ya ɗaga shi. Ta fi kama masu shekara 40 zuwa 60 da masu ciwon suga, tana iya ɗaukar shekara ɗaya zuwa biyu ko fiye, kuma fizgar ta da nauyi a lokacin da take zafi ƙara mata wuta ne. Wanda jijiyarsa ta yage, ko wanda ciwon nasa daga ƙashin wuya yake saukowa, shi ma babu abin da juyi zai gyara masa.

Ba kowane zafi ne alamar aiki ba, kuma a nan ne ya kamata a tsaya. Gajiyar tsoka tana zuwa bayan kwana ɗaya, ta bazu a damtse da baya, ta wuce cikin kwana biyu ko uku. Zafi mai suka a wuri guda yayin juyi, ciwon da ke tayar da mutum daga barci, mutuwar yatsu, kasa ɗaga hannu, ko jin kamar ƙashin zai zame, duk waɗannan umarni ne na a ajiye gora a nemi asibiti. Abin takaici, da yawa kemis suke nufa, a ba su diclofenac ko tramadol ba tare da takardar likita ba, su haɗiya su koma filin atisaye. Maganin ya rufe bakin ciwon, jijiyar tana ci gaba da lalacewa, ga illar na farkon ga ciki da ƙoda, ga jarabar na biyun. Wasu kuma sai su kai kafaɗar a ja ta a murɗa ba tare da an ɗauki hoto an ga abin da ke ciki ba. Masu ɗakunan motsa jiki da ke ajiye gora da kulki babu mai koyarwa suna da nasu kason laifin. Ciwon kafaɗar hagu da ya zo da nauyin ƙirji, zufa ko sarƙewar numfashi kuwa ba na kafaɗa ba ne, zuciya ake tuhuma, kuma na gaggawa ne.

Ga mai lafiyayyar kafaɗa, amfanin gora da kulki tabbatacce ne. Suna ƙarfafa riƙon hannu da tsintsiyar hannu, suna tilasta wa tsokokin ciki da ƙugu riƙe gangar jiki kada nauyi ya karkatar da ita, kuma suna bi da kafaɗa ta duk kewayenta ƙarƙashin nauyi matsakaici, abin da tura ƙarfe daga ƙirji ba ya yi. Ba sa gina ƙafafu, ba sa maye gurbin sauran atisaye. Masu cewa ai daka ma irin wannan ne sun yi kusa amma ba su dace ba: taɓarya a tsakiya ake riƙe ta, nauyinta a rabe yake biyu, kuma sama da ƙasa take tafiya a gaban jiki.

Kafin a fara, mutum ya jingina bayansa da bango ya ɗaga hannayensa biyu sama. In ba su kai kusa da kunnuwa ba sai ya gantsare, to aikinsa na farko sassauta ƙirji da saman baya ne, da sandar tsintsiya ko ƙaramin kulki. Kulki na farawa rabin kilo zuwa kilo 1 ne a kowane hannu. Gorar farawa kilo 4 zuwa 5 ce ga namiji, kimanin kilo 3 ga mace, komai ƙarfin mutum a sauran ƙarafa.

Babban juyin gora shi ne cikakken zagaye. Ana tsayawa ƙafafu a ɗan buɗe, hannaye biyu a haɗe a ƙarshen sanda daidai cibiya, kan gorar yana sama. Sai a karkatar da ita wajen kafaɗa ɗaya, a tura hannaye su haye kai su sauka ƙeya, gwiwoyin hannu suna kallon sama kusa da kunnuwa. A nan ake barin kan gorar ya yi lilo a bayan mutum da nauyin kansa, ba a tura shi ba. Idan ya hau ɗaya gefen sai a jawo hannaye ta kan waccan kafaɗar su dawo cibiya, gorar ta tsaya cak a miƙe kafin a sake. Ciki a ɗaure, haƙarƙari a ƙasa, ƙugu ba ya gantsarewa. Wanda abin ya yi wa wuya ya matsa da hannunsa kusa da kan gorar, ya fara koyon lilon baya shi kaɗai na wasu kwanaki. Ana yin adadi ɗaya dama da hagu, ana kuma sauya hannun da ke sama.

Kwana biyu ko uku a mako sun isa, minti 10 zuwa 15 bayan an ɗumama jiki. Ana fara ƙara yawan juyi, nauyi ya biyo baya, kuma da kilo 1 ko 2 ake ƙarawa, bayan makonni da juyin ya zama santsi babu fizga. A gidajen ƙarfi na Iran kiɗan ganga ne ke tsare kowa kada ya wuce ƙa'ida. Mai atisaye shi kaɗai ya bi numfashinsa, in ya fara riƙe numfashi ko yana tura kansa gaba don ya kauce wa sanda, to gajiya ta shigo, zagayen ya ƙare.

Gorar gida, ta siminti a gwangwani ko ta walda, sai an auna ta a sikeli, an kuma duba mahaɗin kai da sanda kowace rana, domin kan da ya fice cikin juyi yana iya fasa kan mutum. A bar fili na mita biyu ta kowane gefe, babu yaro, babu fanka a sama. Wanda ya riga ya sayi mai kilo 15 ya jingine ta, ya nemi mai kilo 4, in kuma kafaɗar ta riga ta fara tayar da shi cikin dare, asibiti zai fara zuwa.