Nick Faldo, gwanin da ya sake koyon bugu

Golf wasa ne da ake yi da sanda da ƴar ƙwallo fara, wadda ba ta kai ƙwan kaza girma ba. Filin wasan yana da ramuka 18. Ɗan wasa yana bugun ƙwallo daga nesa har ya jefa ta cikin rami, sannan ya wuce rami na gaba. Ana ƙirga kowane bugu. Wanda ya gama da bugu mafi kaɗan shi ne ya ci. A Turai bisa ciyawa ake yin wasan. A bayan garin Yamai ma akwai filin golf, amma na rairayi ne.

Ƴan wasan golf iri biyu ne. Akwai ƴan sha'awa, masu yi don daɗi da neman suna. Akwai kuma ƴan sana'a, waɗanda da wasan suke ci da sha. Ɗan sana'a yana yawo gari gari, ƙasa ƙasa, yana shiga gasa. In ya yi wasa mai kyau ya samu kuɗi. In bai yi ba, ya koma gida hannu wofi.

An haifi Nick Faldo a Ingila a shekara ta 1957. A 1971 ya ga wani gwani ɗan Amurka, Jack Nicklaus, yana wasa a talabijin. Tun daga ranar golf ya shiga ransa. Kullum yana fili yana bugu. A 1975, yana da shekara 18, ya ci gasar ƴan sha'awa ta Ingila duka. A 1976 ya zama ɗan sana'a, kuma a 1977 ya ci gasarsa ta farko. A 1983 ya ci gasa biyar a Turai, ya zama na ɗaya a nahiyar.

Amma akwai manyan gasa huɗu da suka fi sauran daraja a duniya, kuma Faldo bai ci ko ɗaya ba. A 1983 da 1984 ya kusa ci, amma a ranar ƙarshe sai bugunsa ya lalace. Jaridun ƙasarsa suka shiga yi masa ba'a, suna cewa in wasa ya yi zafi sai ya karaya.

Faldo ya duba, ya gane aibin yana cikin yadda yake kaɗa sanda. A 1985 ya tafi wurin wani malami, David Leadbetter, ya roƙe shi ya gyara masa bugu tun daga tushe. Ya koma kamar ɗan koyo. Ya sake tsayuwa, ya sake yadda yake juya jiki, yana ta maimaitawa safe da yamma.

Abin bai zo da sauƙi ba. A 1985 da 1986 bai ci ko gasa ɗaya ba. Wasu kamfanonin da suke ba shi kuɗi suka janye. A lokacin nan ne sa'ansa Sandy Lyle, wanda ya ci gasarsa ta farko ta sana'a a Legas a 1978, ya ɗauki babban kofin Open na 1985. Faldo yana gani, amma bai koma tsohon bugunsa ba.

A watan Yuli na 1987 aka yi gasar Open a Muirfield, cikin ƙasar Sikotlan. Kowane rami yana da adadin bugun da aka ƙayyade masa. A ranar ƙarshe Faldo ya bi ramukan nan 18 da adadin daidai, bai ƙara ba, bai rage ba. Ya ci gasar da ratar bugu ɗaya tak. Daga nan ya sake cin Open a 1990 da 1992, ya ci gasar Masters ta Amurka a 1989, 1990 da 1996. Manyan kofuna shida ke nan.

Ma'anar kalmomi

Gasa: karawa tsakanin ƴan wasa don a san gwani.
Aibi: abin da ba daidai ba a jikin abu ko aiki.
Rata: tazarar da ke tsakanin na gaba da na baya.

Tambayoyi

1. Yaya ake sanin wanda ya ci a wasan golf?
2. Mene ne bambancin ɗan sha'awa da ɗan sana'a?
3. Don me Faldo ya tafi wurin malami bayan ya zama na ɗaya a Turai?
4. Me ya rasa a 1985 da 1986?
5. Shekara nawa ke tsakanin gasar da ya ci a 1975 da babban kofinsa na farko?

Aiki

Hausawa suna cewa: "Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba." Ku rubuta layi biyar, ku nuna yadda wannan karin magana ya dace da labarin Faldo.